Sauyin fasalin rumbun bayanai ya tsaya a tsakiya bayan layin SSH ya yanke: ta ina zan kama?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina neman shawara kan wata matsala da ta same ni daren jiya, kuma na ƙudurta ba zan sake taɓa komai ba sai na ji ta bakin waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Ni nake kula da manhajar wata ƙungiyar adashi, wato susu kamar yadda muke cewa a nan Kumasi, ta matan da ke kasuwanci tsakanin Asawase da Kejetia. Masu karɓar kuɗi suna zagayawa kullum, suna shigar da abin da kowace mace ta zuba, manhajar kuma ta aika mata saƙon shaida ta waya. Na gaji aikin ne daga wani da ya rubuta shi da harshen kwamfuta na PHP zalla, daga baya na mayar da shi kan Laravel, wani tsarin gina manhaja da PHP, amma rumbun bayanan na nan yadda na same shi a kan MySQL 5.7. A teburin `biya`, wanda yanzu yake da layuka kimanin 412,000, an ajiye lambar waya a matsayin adadi, wato `INT`. Saboda haka sifilin farko na 024 ko 054 ko 020 yana faɗuwa, lambar da aka rubuta da 233 a gabanta kuma ba ta shiga sam.

Na rubuta fayil ɗaya na sauyin fasali mai matakai uku. Na farko ya ƙara sabon gurbi mai suna `waya` na rubutu, na biyu ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya da PHP yana kwafe lambar tare da mayar mata da sifilinta, na uku kuma ya goge tsohon gurbin `lambar_waya`. A kwamfutata, inda layuka ba su wuce ɗari biyu ba, ya gudana cikin ƙiftawar ido. Bayan sallar Isha'i na shiga saba, wato kwamfutar da manhajar take gudana a kanta, ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na jawo sabon rubutun manhajar da `git pull`, na buga `php artisan migrate --force`. Yana cikin aiki aka ɗauke wuta a unguwarmu, intanet ɗin gidan ya mutu, layin ya yanke.

Da na dawo ta wayata na sake buga umarnin, sai ya ƙi, yana cewa `Duplicate column name 'waya'`. Shi kuma `migrate:status` yana nuna fayil ɗin a matsayin `Pending`, kamar bai taɓa gudana ba. Manhajar tana aiki, masu karɓa sun fita tun safe, amma idan aka nemi tarihin zubin mace da lambarta, wani ɓangare ne kawai yake fitowa, har wata uwa ta kira shugabar ƙungiya tana kuka, tana zaton kuɗinta sun salwanta. Wani abokina ya ce in buga `migrate:fresh` komai zai daidaita. Shin hakan daidai ne? In ba haka ba, mene ne mafita?

Malamin Nima ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai: kada ka buga `migrate:fresh` a kan wannan saba, ko da wa ya ba ka shawarar. Aikin wannan umarni shi ne ya goge dukkan teburan da ke cikin rumbun, sannan ya sake gina su babu ko layi ɗaya a ciki. An yi shi ne domin kwamfutar mai rubuta manhaja, inda bayanan gwaji ne. A saba ta aiki Laravel yakan tsaya ya tambaye ka ko ka tabbata, amma tunda hannunka ya saba da ƙara `--force`, wannan tambayar ma ba za ta zo ba. Ɗan'uwansa `migrate:refresh` shi ma haka ne, domin yana warware dukkan sauye-sauyen tun daga na ƙarshe har na farko. Ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya.

Bari in bayyana maka abin da ya faru, domin idan ka gane shi gyaran ba shi da wuya. Laravel yana da wani ƙaramin tebur mai suna `migrations`, wanda shi ne littafin rajistarsa, kuma ba ya rubuta sunan fayil a ciki sai bayan fayil ɗin ya gama gudana daga farko har ƙarshe. Shi kuwa MySQL, duk umarnin da ya taɓa fasali, irin su `ALTER TABLE` da `CREATE TABLE` da `DROP TABLE`, yana tabbatar da shi nan take, ba ya jira, kuma ba a iya janye shi da `ROLLBACK`. To, matakinka na farko ya tabbata tun a daƙiƙun farko. Da layin SSH ya yanke, sai tsarin Linux ya aika wa PHP siginar `SIGHUP`, aikin ya mutu yana tsakiyar mataki na biyu, kuma kowane layin da ya riga ya gyara ya zauna a gyare saboda kowanne an tabbatar da shi shi kaɗai. Rumbun ya san an ƙara gurbi, rajistar ba ta sani ba. Wannan saɓanin ne kake gani a saƙonnin biyu.

Ka gode wa Allah da wutar ta ɗauke kafin a kai mataki na uku. Tsohon gurbin yana nan, don haka babu lambar da ta ɓace.

Ga yadda zan bi da shi da a hannuna yake. Da farko ka shiga `tmux`, wani shiri mai riƙe zamanka a kan saba, kafin ka buga komai, da `tmux new -s gyara`, ta yadda ko layi ya sake yankewa aikin zai ci gaba a kan saba, kai kuma ka dawo ka same shi da `tmux attach -t gyara`. Duk wanda yake aiki daga Gana ya san halin dumso, wato yawan ɗauke wuta, kuma ni tun lokacin da abin ya tsananta a 2015 ban ƙara buga dogon umarni a saba ba tare da wannan kariyar ba. Sannan ka shiga MySQL ka buga `SHOW FULL PROCESSLIST` ka ga jerin ayyukan da ke gudana, domin wani lokaci shirin da ke magana da rumbun yakan mutu amma umarnin da ya aika ya ci gaba da gudana a cikin rumbun. Idan ka ga babu saura, ka dakatar da manhajar da `php artisan down`, ka ɗauki kwafin ajiya da `mysqldump --single-transaction`, kuma kada ka taɓa fasalin kowane tebur har sai ya gama, domin takardun MySQL kansu sun yi gargaɗi cewa sauya tebur ana cikin ɗaukar irin wannan kwafi yana iya ɓata shi. Ka sauke kwafin, ka loda shi a wani rumbu na dabam, ka ƙirga layukan `biya` ka ga sun cika. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda tafiyar ta riga ta kama ka, gara ka fafe shi yanzu kafin ka ƙara taku ɗaya.

Bayan haka hanyoyi biyu ne. Ko dai ka ƙarasa aikin da hannu sannan ka cusa sunan fayil ɗin cikin teburin `migrations` da kanka, ko kuma ka mayar da rumbun yadda yake kafin daren jiya ka sake farawa da tsari. Ni na fi son ta biyu, domin rubutu da hannu cikin rajistar yana koya wa mutum ɗabi'ar da wata rana za ta cuce shi. Ka goge sabon gurbin da `ALTER TABLE biya DROP COLUMN waya`, ka raba fayil ɗin gida uku, kowane mataki da fayil ɗinsa, ta yadda duk wanda ya faɗi za ka san a kan wace gaɓa ka tsaya. Ƙa'ida ita ce ba a gyara fayil ɗin da ya riga ya gudana a rumbun da wasu suke amfani da shi, amma naka a kwamfutarka kawai ya kammala, don haka babu laifi ka sake shi.

Mataki na biyu kuma ka daina bin layuka da PHP. Umarni ɗaya na SQL ya isa: `UPDATE biya SET waya = LPAD(lambar_waya, 10, '0') WHERE waya IS NULL AND lambar_waya IS NOT NULL`. A teburin InnoDB, wato injin ajiyar da MySQL ya saba amfani da shi, umarni ɗaya ko dai ya tabbata gaba ɗaya ko ya koma gaba ɗaya, kuma sharaɗin `waya IS NULL` yana sa a iya maimaita shi sau goma ba tare da ɓarna ba. Kafin ka gudanar, ka duba da `php artisan migrate --pretend`, wanda yake nuna maka SQL ɗin da za a aika ba tare da ya aika ba.

Hajiya Mai Lissafi ta amsa:

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara ilimi, bayaninka kan rajista da tabbatarwar MySQL ya wadatar, ba ni da abin ƙarawa. Sai dai ina roƙon a dakata a kan gaɓa ɗaya, wato goge gurbin `waya`, domin akwai wata jimla a tambayar da nake ganin ta sauya hukuncin.

Ɗana, ka ce ka buga `git pull` kafin ka fara sauyin, kuma ka ce manhajar tana aiki, masu karɓa sun fita tun safe. Ma'ana sabon rubutun ne yake gudana yanzu. Idan sabon rubutun yana zuba lamba a `waya` kaɗai, kamar yadda nake zato tunda shirinka shi ne ka goge tsohon gurbin, to duk zubin da aka shigar daga daren jiya zuwa yanzu lambarsa tana cikin `waya` ne kawai, tsohon gurbin kuma babu komai a wajensu. Idan aka goge `waya`, waɗannan lambobin sun tafi, kuma umarnin `UPDATE` ba shi da inda zai samo su. Ka tabbatar da kanka: `SELECT COUNT(*) FROM biya WHERE waya IS NOT NULL AND lambar_waya IS NULL`. Idan amsar ta wuce sifili, kada ka goge.

Abin da nake ba da shawara shi ne ka bar gurbin a inda yake, ka sa fayil na farko ya duba da `Schema::hasColumn('biya', 'waya')`, idan ya tarar da shi ya wuce, idan bai tarar ba ya ƙirƙira. Da haka fayil ɗin zai gudana lafiya a saba, ya shiga rajista ta hanyar da ta dace, kuma ya yi aiki a kowane sabon rumbu. Ba na son a cika fayiloli da irin wannan duba a kullum, domin yana ɓoye saɓanin da ya kamata a gani, amma a halin da kake ciki shi ne mafi aminci. Ka fara buga `SHOW CREATE TABLE biya` ka tabbata gurbin da ke can daidai yake da wanda fayil ɗin yake nufi, nau'insa da tsawonsa.

Mataki na uku kuma, wato goge tsohon gurbin, ina roƙonka ka cire shi daga aikin yau gaba ɗaya. Tsarin da na saba bi a wajen aikina shi ne a faɗaɗa tukuna, a ƙuntata daga baya: a ƙara sabon gurbi, a cika shi, a bar manhajar ta yi aiki da shi, a zuba ido, sannan bayan an natsu a goge tsohon a wani fayil na dabam. Ga ƙungiyar susu, ni zan jira har a wuce ƙarshen wata, a raba wa kowa kuɗinta, lissafi ya fito daidai. Gurbin `INT` baiti huɗu kawai yake ci a kowane layi, wato layukanka duka ba su kai megabait biyu ba. Ajiye shi ba ya cin komai, goge shi kuwa ba ya dawowa, kuma kada ka dogara da `migrate:rollback` a nan, domin abin da zai iya yi shi ne ya sake gina gurbin fanko.

Akwai kuma batun kulle da ya kamata ka sani tun yanzu saboda ranar da za ka goge ɗin. `ALTER TABLE` yana buƙatar kulle fasalin teburin ko da na ɗan lokaci ne, kuma idan akwai wani aiki da aka buɗe a kan teburin ba a rufe ba, zai tsaya yana jira, duk tambayoyin da suka zo bayansa kuma su yi layi a bayansa, sai ka ga manhaja ta daskare alhali saba ba ta aikin komai. A jerin ayyuka za ka ga an rubuta `Waiting for table metadata lock`. Wa'adin jiran da MySQL yake zuwa da shi, wato `lock_wait_timeout`, daƙiƙa 31,536,000 ne, shekara guda cur. Ka rage shi zuwa daƙiƙa goma a zaman da za ka yi sauyin, gara umarnin ya faɗi ka sake gwadawa da a ce masu karɓa suna tsaye cikin rana a Kejetia waya ta ƙi amsawa.

Abu na ƙarshe ya shafi kwafin ajiyar da Malam ya ce ka sauke. A cikinsa akwai sunayen mata da lambobinsu da adadin kuɗin da kowacce take tarawa, wanda wata ko mijinta bai sani ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Gana, Doka ta 843 ta shekarar 2012, ta ɗora nauyin tsare irin wannan a kan mai riƙe da shi, kuma tun kafin doka amana ce. Kada ka aika shi ta WhatsApp, kada ka bar shi a cikin babban fayil ɗin `public` na saba inda kowa zai iya saukewa, kuma idan ka gama gwaji ka goge shi daga kwamfutarka.

Malamin Nima ya sake amsawa:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma na janye shawarar gogewa. Na karanta batun `git pull` amma ban haɗa shi da zubin yau ba. Ƙanena, ka bi tata. Umarnin `UPDATE` da na ba ka yana nan daram, domin sharaɗinsa ba ya taɓa layukan da suka riga suka sami lamba.

Tunda an zo nan, zan ƙara abu ɗaya domin masu karatu da ke aiki da wasu kayan. A PostgreSQL, wani rumbun bayanai irin MySQL, wannan matsala ba za ta zo da wannan siffa ba, domin shi yana yarda a sa sauyin fasali cikin ƙunshin aiki guda, kuma Laravel da takwaransa Django duka suna naɗe kowane fayil a cikin irin wannan ƙunshi idan rumbun PostgreSQL ne. Da layi ya yanke, komai zai koma yadda yake, har da sabon gurbin. MySQL 8.0, wanda ya fito a 2018, ya kawo gyara ta yadda umarni ɗaya na fasali ba ya tsayawa rabi da rabi, amma har yanzu ba a haɗa umarni biyu a janye su tare, don haka raba fayiloli yana nan a matsayin wajibi. Ban ce ka yi ƙaura zuwa wani rumbu saboda daren jiya ba. Amma ka sani cewa Oracle, kamfanin da ke da MySQL, ta daina tallafa wa MySQL 5.7 tun Oktoban 2023, saboda haka ka sa ɗaukaka shi cikin shirinka, a wani lokaci na dabam da ba a haɗa shi da wannan gyara ba.

Ɗan Aboabo ya dawo:

Malam, Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Na bi abin da kuka faɗa, ga kuma yadda aka ƙare.

Na kira shugabar ƙungiya na roƙi a ba ni awa ɗaya bayan La'asar, lokacin da masu karɓa suka gama zagayen farko. Na shiga `tmux`, na dakatar da manhajar, na ɗauki kwafi, na loda shi a wani rumbu a kan sabar kanta domin kada in sauke bayanan mutane a kwamfutata, na ƙirga layuka suka cika. Tambayar da Hajiya ta ba ni ta dawo da 186. Wato da na goge gurbin, zubi 186 na yau da sun rasa lambobinsu, kuma da ban gane ba sai ƙorafi ya fara zuwa. Layukan da PHP ya gyara kafin wuta ta ɗauke sun kai kimanin 171,000, saura duk babu komai.

Na raba fayil ɗin, na ajiye na gogewa a gefe ban saka shi cikin ma'ajiyar rubutun ba ma, domin kada wata rana `migrate` ya ɗauke shi ban shirya ba. Na gwada a kan kwafin tukuna, sannan na gudanar a kan na gaske da `php artisan migrate --step --force`, saboda kowane fayil ya sami lambar rukuninsa. Abin da PHP ya kwashe mintuna yana yi bai kai rabi ba, umarnin SQL ɗaya ya gama shi cikin ƙasa da minti guda. Yanzu `migrate:status` yana nuna `Ran` a kan duka biyun, kuma uwar da ta kira tana kuka an nuna mata tarihin zubinta cikakke.

Sai dai na ci karo da wani abu da ban zata ba. Da nake duba sakamakon, na nemi duk lambar da ba ta fara da sifili ba, sai na sami layuka 37 masu lamba iri ɗaya, 2147483647. Da farko na zaci wata mace ce mai yawan zubi, sai na lura sunayen sun bambanta, mata tara ne. Da na bincika na gane wannan shi ne adadi mafi girma da `INT` yake iya ɗauka. A zamanin tsohuwar manhajar, kafin a kunna tsauraran ƙa'idojin MySQL, idan mai karɓa ya rubuta lamba da 233 a gaba, ta zama lambobi goma sha biyu, rumbun ba ya ƙin karɓa, sai ya datse ta zuwa iyakarsa ya yi shiru. Waɗannan lambobin ba su cikin rumbun, ba su cikin kowane kwafi, kuma babu umarnin da zai dawo da su.

Shida daga cikin matan suna da wasu layukan zubi na baya-bayan nan masu lamba sahihiya, don haka na gyara nasu daga can, a fayil na dabam mai bayanin dalili. Ukun da suka rage sun daɗe ba su zuba ba. Na mayar da gurbin `waya` nasu fanko maimakon in bar lambar ƙarya a ciki, na rubuta sunayensu a takarda, kuma gobe in sha Allahu zan bi ɗaya daga cikin masu karɓa zuwa Asawase mu duba tsofaffin katunan zubi da ke ajiye a ofishin ƙungiya, inda aka rubuta lambobin da biro.

Hajiya, tambaya ɗaya ta rage mini. Gurbin kuɗi a wannan tebur ɗin `FLOAT` ne, wato nau'in adadi mai ƙiyasi, kuma na lura jimillar wata takan bambanta da ta littafi da fesuwa ɗaya ko biyu, wato kwabon kuɗin Gana. Shin in mayar da shi `DECIMAL`, mai ajiye adadi daidai, ta wannan hanya ta ƙara sabon gurbi a cika shi a jira, ko kuwa in ajiye kuɗin a matsayin fesuwa cikin `BIGINT`, babban yayan `INT`? Ba zan taɓa shi ba sai an wuce rabon ƙarshen wata, amma ina so in fara gwaji a kan kwafi tun yanzu.